Kunnen Hutu

Aikina a asibiti shi ne in tsaya a kan mutum in yi gadin numfashinsa. Duk ran da na faɗi haka a gida sai an yi dariya. Yayana yakan ce, "Ku ji fa, duk karatun nas ɗin da Auta ta sha, a kallon mai barci ta ƙare." Ba na tanka masa. Wanda bai taɓa ganin ƙirjin mutum ya tsaya cak a gabansa ba, ko ka wuni kana yi masa bayani yawunka kake ɓatawa.

A ɗakin kyamara nake aiki. Nan ne ake kwantar da mutum ta gefen hagu, a sa masa roba tsakanin haƙora, a zura masa dogon tiyo mai kyamara ta baki, ya bi maƙogwaro ya gangara ciki, likita yana kallon hanya a talabijin. Ba kowa ke iya jure wannan ido biyu ba, shi ya sa ake yin allurar barci. Ba irin mai nauyin nan ta tiyata ba ce, 'yar daidai ce, jiki ya saki amma in an kira mutum ya ji. Sai dai allurar nan ba ta da alƙawari. Wani ka ba shi ya ƙi kwanciya, wani kuwa ɗan kaɗan ɗin nan sai ya manta da numfashi, kamar yadda ake manta tukunya a wuta. Likita idonsa na kan talabijin, mai taimaka masa hannunta na kan tiyo. Wadda ke tsaye a kai ita kaɗai ce ba ta da wani aiki sai mutumin.

Akwai 'yar na'ura da muke maƙala wa yatsa, tana nuna yawan iskar da ke cikin jini, tana ƙara ƙit, ƙit, ƙit. Sababbin nas suna ji da ita, ni kuwa na san halinta, mai kawo labari a makare ce. In an sa wa mutum oksijin a hanci, yana iya daina numfashi lambarta tana nan lafiya lau, sai ta tashi faɗowa ta faɗo gaba ɗaya. Abin da na fi yarda da shi shi ne layin numfashi. Siririn tiyon hancin nan yana shinshinar iskar da mutum ya fitar, ya zana ta a allo, tudu da kwari, tudu da kwari. In layin ya miƙe, to babu abin da ke fita. Bayan wannan sai idona da tafin hannuna, sai kuma bakina, don yawancin masu mantuwar nan in ka kira su da ƙarfi ka ce su ja numfashi, ja suke yi.

Shekaru na yi ina wannan aiki a kan iyayen wasu, ban taɓa kawowa a raina nawa uban zai hau gadon ba.

Baba ya fara da cewa burodin yanzu ba shi da kyau, tsaya masa yake yi a ƙirji. Daga burodi abin ya koma nama, daga nama ya koma kusan komai. Mama ce ta kira ni gefe ta ce ya koma shayi da madara, kuma ta kama shi yana huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Na san irin abin da kyamara ke gani a wuyan masu irin wannan labari. Na yi watanni ina lallaɓa shi ya zo a duba.

"Ni za a zura wa tiyo kamar tankin mota?" in ji shi. "Auta, ni na saba ba taya iska, ba a saba ba ni ba."

Baba mai faci ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a bakin titi da kwampiresa da kwanon ruwan neman huji, hannuwansa kamar katako, wuyansa gajere mai kauri. Tun kafin a haife ni wata tayar babbar mota ta fashe a damansa, kunnen wannan gefen ya mutu murus. Amma a gidanmu ba a cewa Baba ba ya ji, ba a ma tunanin haka. Kujerarsa tana inda duk mai shigowa ta hagunsa zai ɓullo, rediyonsa a hagu, Mama a hagu take zama. Ƙafafunmu ne suka haddace, ko jikansa mai rarrafe ta hagu yake zagayowa. Shi da kansa yake kiran na daman kunnen hutu, in Mama ta fara faɗa sai ya juya mata shi yana murmushi, ita kuma ta ce Allah ya shirya.

Ran da ruwa ma ya fara yi masa gardama, da kansa ya kira ni ya ce in sa musu rana. Na ce masa barci kawai zai yi, ya farka an gama.

Da safen ranar, Matiron, shugabar nas ɗinmu, ta tare ni tun a baranda. Mace ce mai ƙiba da tabarau, ba ta ɗaga murya, kuma ba ta maimaita magana.

"Sista, yau ke 'yar rakiya ce. Ba a tsayawa a kan ɗan'uwa na jini. Doguwa za ta tsaya."

Na san dokar, ni ma na sha gaya wa wasu ita. Doguwa kuwa tare muka yi makaranta, in da za a ce in zaɓi wadda za ta tsaya a kaina ita zan zaɓa. Duk da haka sai da na ja ta gefe na cika ta da bayani. Haƙoransa na roba ne, a cire. Yana shan maganin hawan jini. Yana minshari kamar injin niƙa, wuyan nan gajere ne, harshe zai iya komawa baya. Ya rame ƙwarai, a ba shi allurar kaɗan-kaɗan.

"Ke 'yar Baba, ni za ki koya wa aiki?" in ji ta, tana dariya. "Je ki zauna kafin in sa a ɗaure ki."

A gabana ta yi masa tambayoyi, yana zaune a bakin gado cikin rigar asibiti mai igiya a baya, ƙafafunsa suna reto. Ya ɗan karkatar da kai kamar yadda ya saba, ya amsa komai ras. Har ta ce, "Baba, akwai matsalar ido ko ta kunne?" Ya ce, "Garau nake, 'yata, maƙogwaro ne kawai ya yi mini yajin aiki." Ina tsaye a wurin. Na gyaɗa kai, kuma wallahi har cikin raina na gyaɗa shi.

Aka tura shi ciki, ƙofa ta rufe. Ni da Mama muka zauna a benci, tana riƙe da hularsa da agogonsa da kofin da aka sa haƙoransa. Yaya ya tsaya can ƙarshen baranda yana waya, don shi warin asibiti juya masa ciki yake yi.

Wanzami dai ba ya son jarfa. Bencin nan kullum nake wuce shi ina ce wa mutane su kwantar da hankali, ban san katakonsa yana da ƙaya ba sai ranar. Abin da ya fi muni shi ne na san kowace ƙara da ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofar. Na ji an kunna na'urar yatsa. Na ji an ja keken kayan aiki kusa da gado. Na ji an kashe babbar fitila. Na san yanzu an juya shi, yanzu an sa robar baki, yanzu Doguwa tana tura allura a hankali tana kallon allo. Mama tana ba ni labarin wata maƙwabciya, ban ji ko kalma ɗaya ba.

Sai muryar Likita, a natse: "Baba, haɗiye. Haɗiye mana."

Shiru. Ya sake faɗa, ya ɗan ɗaga murya. Sai na ji kakari, irin na mai son amai, gado ya yi ƙara. Wannan ba komai ba ne, kowa yana yi a farko. Ana gaya wa mutum ya saki jiki, ya ja numfashi ta hanci, sai abin ya wuce.

"Baba, kwantar da hankalinka," in ji Doguwa. "Ja numfashi ta hanci. Kada ka ciza, Baba! Sauke hannunka!"

Gadon ya ci gaba da ƙara. Wani abu na ƙarfe ya faɗi ƙasa. Na ji mai taimaka wa Likita tana cewa a riƙe masa hannu, zai fizge tiyon. Na ƙanƙame bakin benci. Baba ba matsoraci ba ne, mutumin da ya taɓa ɗinke tafin hannunsa da kansa, me zai sa ya yi ta kokawa haka kamar ba a yi masa bayani ba?

"A ƙara masa kaɗan," in ji Likita.

Mama ta yi tsaki a hankali. "Taurin kai dai. Wai ma ta wane gefe suke masa magana?"

Ban san lokacin da na juyo na kalle ta ba. Ta hagu ake kwantar da mutum. Kullum ta hagu, ni da hannuna na kwantar da ɗaruruwa. Kunnen Baba mai ji yana nutse a cikin matashi, na hutun ne yake sama. Tun da aka juya shi bai ji komai ba. Yana kwance cikin duhu, kansa ya yi nauyi da allura, ana tura masa abu a wuya, hannuwa suna danne shi, babu muryar da ta gaya masa dalili. Su kuma suna ganin allurar ce ba ta kama shi ba, alhali ta kama, tsoro ne kawai yake riƙe da shi a farke. Kuma yanzu an ƙara masa.

Gadon ya daina ƙara.

"Alhamdulillahi," in ji Mama, "ya samu barci."

Na kasa kunne ina neman minsharin nan da ya hana gidanmu sakat shekara da shekaru. Babu shi. Sai ƙit, ƙit, ƙit na na'urar yatsa, a natse, kamar ba abin da ya faru.

Na bankaɗa ƙofar. Ɗakin duhu-duhu, sai hasken talabijin da na allo. Idona bai je kan Baba ba, kan allo ya je, haka aiki ya horar da shi. Lambar yatsa tana nan sama, kyakkyawa. Layin numfashi ya miƙe sambal. Doguwa ta riga ta gani, ta sunkuya tana girgiza kafaɗarsa, bakinta dab da kunnensa na dama.

"Baba, ja numfashi! Baba!"

"Ba ya ji ta nan!" na ce. Ban gane muryata ba. "Wannan kunnen matacce ne, ba ya ji ta nan!"

Ƙararrawar layin ta fara kuka. Likita bai tambayi abin da ya shigo da ni ba. Ya zare tiyon a hankali amma da sauri, ya ce a kunna fitila, a juya shi rigingine, a kawo jakar hura iska. Muka juya shi mu uku. Bai da nauyi ko kaɗan, Baban da yake ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai. Kansa ya langaɓe, bakinsa a buɗe, babu haƙora, kumatun sun faɗa ciki. Na tsinci kaina a wurin da na saba tsayawa, yatsuna a bayan muƙamuƙinsa, na turo shi gaba da dukan ƙarfina don harshe ya tashi daga hanya. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa, sai ka ji mutum ya ja wani dogon numfashi. Na jira. Ƙirjin bai motsa ba.

Doguwa ta kifa masa robar fuska ta matsa jakar. Iskar ta tsere ta gefen kumatu, fuuu, ta bugi hannuna. Ta sake matsawa, ta sake tserewa. Fuskar da babu haƙora ba ta riƙe roba. A lokacin ne na'urar yatsa ta tuna da aikinta. Ƙarar ta fara sauka, kowane ƙit ya fi na baya kauri, lambar tana gangarowa ba ta ko waiwaye. Na ɗaga leɓensa na duba ciki, ya fara komawa launin toka.

"Makari," in ji Likita, ya karɓi sirinji da kansa ya tura a jijiyar hannu. Makarin allurar barci yana aiki, amma ba nan take ba, sai jini ya kai shi inda za shi. Kafin nan dole wani ya yi wa mutum numfashi.

"Robar maƙogwaro," na ce. Mai taimaka wa Likita ta miƙo, na zura ta a bakinsa na juya ta ta danne harshe. Na kama robar fuskar da hannu biyu, na tattaro kumatunsa na cusa su ciki, na ɗaga muƙamuƙin har na ji ƙashin yana ƙara a yatsuna. "Matsa, Doguwa. Matsa!"

Ƙirjin ya ɗan taso. Kaɗan, amma ya taso. Ta sake matsawa, ya sake tasowa. Lambar ba ta daina sauka ba, don ita kullum a baya take, amma ni a lokacin na manta da wannan ilimi, na ga kawai tana sauka, ƙarar tana kauri, kuma uban da na ce wa barci kawai zai yi yana tafiya a tsakanin hannuwana. Ni na kawo shi. Watanni na yi ina roƙonsa. Da na bar shi da shayinsa da yanzu yana kujerarsa yana jin labarai.

Wani hannu ya dafa kafaɗata. Matiron ce, ban ji shigowarta ba.

"Sista, matsa in karɓa."

"Ba zan matsa ba."

Ta dubi hannuwana, ta dubi ƙirjin da ke tasowa. "To riƙe da kyau," in ji ta, ta juya ta ce a kira likitan barci na ɗakin tiyata, ya zo da kayan sa bututu ko da za a buƙata.

Na sunkuya, hannuwana ba su saki ba, na kai bakina kunnensa na hagu. Kalmomin da nake faɗa wa iyayen mutane kullum sun gudu. Abin da ya fito daban ne.

"Baba, ni ce Auta. Don Allah, Baba. Don girman Allah kada ka yi mini haka. Mama na waje, hularka na hannunta, me zan ce mata? Ja numfashi, Baba. Sau ɗaya kawai, ni zan ƙarasa maka sauran. Baba, ka ji ni ai, ta nan kana ji!"

Hawayena suna ɗiga a goshinsa, ba ni da hannun share su. Doguwa tana matsa jaka tana salati ƙasa-ƙasa. Likita yatsunsa na kan wuyan Baba, ya ce zuciya tana bugawa, a ci gaba. Lambar ta tsaya a wani wuri da ba na son tunawa, ta yi jim, sannan ta ƙara ɗaya. Ta ƙara wani. Amma wannan numfashin jaka ne, ba nasa ba. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Yatsuna sun mutu, bayana ya ƙage, ban daina kiransa ba.

"Dakata," in ji Likita. Doguwa ta saki jakar. Dukanmu muka zuba wa allo ido.

Layin ya miƙe. Ya ci gaba da miƙewa. Na buɗe baki zan ce ta matsa, sai wani ɗan tudu ya taso, ƙarami, karkatacce. Shiru. Sai wani. Sai Baba ya yi wani mummunan kakari, ya turo robar maƙogwaron da harshe, ya yi tari, ya ja iska da ƙara kamar ana jan tebur a siminti. Ban taɓa jin abin da ya kai wannan ƙara daɗi ba.

Sai da Matiron ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya daga fuskarsa. Shatinsu ya fito a bayan muƙamuƙinsa, ja wur.

Na tsinci kaina a ɗakin wanke kaya, zaune a ƙasa, bayana jingine da kabad. Doguwa ta shigo ta zauna kusa da ni, hularta ta karkace, idanunta sun kaɗa.

"Na tambaye shi fa," in ji ta. "Wallahi na tambaye shi."

"Na sani. Ina wurin."

Ba laifinta ba ne, ba kuma na Likita ba, duk wanda ya ga mutum yana kokawa haka zai ce allura ce ba ta isa ba. Na lissafa mata haƙora da wuya da minshari, na bar abin da tun ina goye na san shi. Abin da ka saba zagayewa kullum, ido yakan daina ganinsa.

Likita ya same ni a nan. Mutum ne mai sanyin magana, ya tsuguna don kada ya yi mini magana daga sama. Ya ce bai kai ciki ba. Ya isa wani wuri a maƙogwaro inda hanya ta tsuke, ya ga wani tsiro da bai yi masa kyau ba, amma kafin ya gutsuro abin da za a kai gwaji komai ya rikice. Dole a sake, kuma ba da jimawa ba. Wannan karon a ɗakin tiyata, da likitan barci, da shiri na musamman.

"Kuma sai an gaya masa abin da ya faru," in ji shi. "Haƙƙinsa ne. Ni zan faɗa ko ke?"

Na ce ni. Ban san dalilin da ya sa na ce haka ba, wataƙila don na san Baba, in baƙo ya gaya masa zai ce na gode, ya sa hularsa, kuma ba za a sake ganinsa a asibiti ba har abin ya rufe masa wuya. In ni na gaya masa ma ban da tabbacin ba haka zai yi ba. Na wanke fuska, na fita baranda. Mama tana tsaye, kofin haƙoran a hannunta. Ta ji ƙararrawa, ta ga Matiron ta shiga da gudu, ba yarinya ba ce. Na ce mata yana numfashi, ta jira kaɗan. Ta koma ta zauna ba ta tambaye ni komai ba, Yaya ya zo ya riƙe ta.

A ɗakin farfaɗowa na sami Baba an ɗaga masa kan gado, oksijin a hanci, layinsa yana tafiya tudu da kwari. Idonsa biyu. Yana ganina ya washe baki, dasashi fal.

"Auta, yaushe za a fara ne? Na gaji da jira."

Allurar nan haka take, takan share abin da ya faru kamar an goge allo. Na ja kujera na zauna.

"An yi, Baba."

"An yi?" Ya yi dariya, muryar a dishe. "Ashe abin ba wuya! Da na sani ai da tuni na zo. Rabon da in yi barci mai daɗi haka har na manta." Ya shafa gefen fuskarsa ya yamutsa. "Sai dai muƙamuƙina, kamar na yi dambe. Me suka gani?"

Ga hanya a buɗe. In ce robar baki ce ta ji masa ciwo, in ce hoton bai fito da kyau ba za a sake, ya taho da ƙafarsa yana raha. Na buɗe baki da niyyar haka, wallahi da niyyar haka. Sai na ga yadda yake kallona, irin kallon da yake wa taya in an ce masa ba ta da huji.

Na gaya masa. Na ce an kwantar da shi a kan kunnensa mai ji, bai ji abin da ake ce masa ba, ya yi kokawa, aka ƙara allura, numfashinsa ya tsaya. Na ce ni ce ban faɗa musu zancen kunnen ba. Na ce Likita ya ga wani abu a maƙogwaro, bai samu ya ɗebo ba, sai an sake. Ina magana ina kallon layin da ke allo, don na kasa kallonsa.

Na jira ya nemi hularsa.

"Wa ya yi mini wannan?" Ya taɓa shatin da ke bayan muƙamuƙinsa.

"Ni ce."

"Kina ciki ke nan."

"Na shiga daga baya."

"Kin ga lokacin da ya tsaya?"

Na gyaɗa kai. Ya kalli hannuwana da ke kan cinyata. Ya miƙo nasa mai allura a jiki ya danne su duka biyu, tafin nan mai kaushi.

"Mamanku ta sani?"

"Ta ji ƙara dai."

"To bar ta a haka, ni zan gaya mata da bakina." Ya haɗiyi yawu da ƙyar, na ga yadda ya tsaya masa kafin ya wuce. "Ki sa mana rana. Zan zo."

Kuka ya ƙwace mini. Na ce masa wannan karon zan roƙi Matiron, zan durƙusa mata in ta kama, ni zan tsaya a kansa tun daga farko, ba zan ɗauke ido ko na ƙiftawa ba.

"A'a," in ji shi.

"Baba..."

"Na ce a'a. Ki gaya musu zancen kunne, ki gaya musu duk abin da kika sani, sannan ki fita ki zauna da mamanku. Ko me kika ji, kada ki shigo." Ya ƙara danne hannuwana. "In numfashin ya dawo, ya dawo. In bai dawo ba, ba a hannunki ba, Auta. Ban haife ki don ki ɗauki wannan ba."

Na ce ba zan iya ba, ban san yadda ake zama a bencin nan ba. Ya ce in koya, kowa da haka ya fara. Ya ƙi sakin hannuna sai da na ce to.

Sannan ya ce in kira masa Mama, kuma ta taho da haƙoransa, ba ya son ta gan shi haka.